Ankon Da Ba A Aiko Mani Ba

Mutum biyu ne kawai a duniyar nan za su ce mani "ke, rufe mana baki" in rufe ba musu: Inna da ta haife ni, sai ƙawata ta wani ƙauye da ke bayan Ƙarfi. Maigidana ma, Allah ya ƙara mashi haƙuri, sai ya lallaɓa in yana son in yi shiru. Ina da tsiwa, ina da saurin hawa, ban taɓa ɓoye wannan ba. To wannan ƙawar tawa ce na kusa rasawa, kuma a kan atamfar da ko tayawa ba zan tsaya yi ba in na gan ta a kasuwa.

Auduga ce ta haɗa mu. Babana yana sayenta a Malumfashi, babanta yana nomawa, suka yi shekara da shekaru suna hulɗa har amana ta shiga tsakaninsu. Da ta isa shiga makaranta, ƙauyensu babu firamare, sai babanta ya ɗauko ta a bayan keke da ƙullin kayanta ya kawo ta gidanmu riƙo. Su Kirista ne, mu Musulmi, kuma ban taɓa jin an zauna ana tattauna wannan a tsakar gidanmu ba. Ranar Asabar Inna za ta miƙa mata sabulu ta ce ta wanke kayan cocinta, ranar Lahadi ta kora ta da wuri kada ta makara. Tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci, kuma kullum ita ke cinye naman don ta fi ni saurin hannu. Da muka gama firamare ta koma gida ta kama noma da kiwon awaki tare da iyayenta. Bayan wasu shekaru ta auri wani manomi mai sanyin hali da ta zaɓa da kanta. Ni kuwa na bi boko, na yi aure a Funtua, na ci gaba da bin bokon da goyo a bayana.

Duk takardar da na karɓo, ita nake fara kai wa labari. Da na gama kwalejin horon malamai ta ce, "Madalla, yanzu kin gama ko?" Na ce saura digiri. Da na yi digirin ta sake tambaya, na ce akwai na biyu. Da na gama na biyun na ce mata zan koma na uku, wanda ake ce wa digirin digirgir, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni sama da ƙasa.

"Wai ke karatun nan naku ba shi da gindi ne? Bayan wannan ɗin kuma akwai wani?"

Na ce daga nan sai farfesa, amma shi muƙami ne, ba zama a aji ake yi ba, aikin mutum ake dubawa a ba shi.

Ta ce, "Mu a wajenmu in mutum ya cika rumbuna sai a naɗa shi sarkin noma ya samu ya miƙe ƙafa. Ku kuwa kullum da sauran wani tsani. Allah ya ba ki sa'a, 'yar wahala."

Haka take yi mani magana, kuma haka nake so.

A wajenmu, in ana hidima a gida, biki ne ko suna ko zaman makoki, ba sai an gaya maka matsayin kowace mace ba. Ka duba inda take kawai. Baƙuwa ita ake shimfiɗa wa tabarma, a kawo mata ruwa, a ce sannu da hanya. 'Yar gida kuwa tana shigowa za ta yar da mayafi, ta ɗaure ƙugu da ɗankwali, ta wuce bakin murhu, in ta samu wata na tuƙi ta ce matsa ki huta. Ba wanda ke gayyatar mutum zuwa tukunya, kuma ba wanda ke gode mashi. Ranar aurena ita ta tuƙa tuwon. Sunan 'ya'yana huɗu, duk ita ce a kan muciya tun safe. Da Baba ya rasu kwana bakwai ta yi a gidanmu, ban ga ta zauna ba sai in za ta ci abinci. Ni ma duk hidimarta ina can, ko da yake tuƙina ba ya burge ta. Sai ta tsaya a kaina ta ce, "Dubi hannun alli! Tuwon nan gudaji zai yi, ba ni nan, je ki yi jajjage." In harare ta in tafi turmi.

Da Allah ya sa na kammala digirin na uku aka fara ce mani Dakta, abokan aikina na kwalejin da nake koyarwa suka ce sai an yi walima. Na ce to. Aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka ɗauko masu girkin haya, waɗanda ke zuwa da abincinsu a dafe cikin manyan kuloli, kowace da farin kyalle a gaba. Tun da hantsi sai ga ƙawata ta sauka daga mashin da zabi biyu a ɗaure, da ƙullin daddawa da kuka, da muciyarta ta gida a naɗe cikin tsohon zane. Ko gaisawa ba mu gama ba ta fara waige-waige tana tambaya ina aka kafa murhu.

Na riƙe hannunta na ce, "Wallahi yau ba za ki taɓa wuta ba. Shekara nawa kina shan hayaƙi a gidan nan? Yau ranar hutunki ce."

Ta ce, "To wa zai yi tuwon?"

Na ce an riga an gama komai. Na ja ta ɗaki, na fito mata da leshin da na ɗinka mata musamman, na ɗaura mata ɗankwali da hannuna. Na kai ta layin gaba na zaunar da ita kusa da matar shugaban kwalejinmu. Da aka ba ni lasifika na nuna ta, na ce duk cikin manyan baƙina babu wadda ta kai wannan. Aka tafa mata. Ni a raina na gama yi mata gata, har ina jin daɗin kaina. Ta zauna da faranti a cinya, kafin la'asar ta ce za ta koma saboda hanya. Ta ɗauki muciyarta a naɗe yadda ta zo da ita ta tafi. Hankalina yana kan baƙi, ban kawo komai a raina ba.

Daga nan ne ta fara ce mani Dakta a waya. Na ɗauka tsokana ce, irin tata. Hirar da muke yi har katin waya ya ƙare ta koma gaisuwa: ya gida, ya yara, ya aiki, a gaida maigida. Ni kuma a lokacin an ƙara mani girma a wurin aiki, taro yau, taro gobe. Na ce damina ce ta riƙe ta, in an yi kaka za ta dawo daidai. Haka muka ci shekara biyu.

Sai auren 'yarta ta fari ya tashi. Yarinyar nan ni na fara yi mata wanka a duniya, Mama take ce mani. Ita da kanta ta kawo mani katin gayyata har Funtua, an rubuta Hajiya Dakta da ruwan zinariya. Na yi dariya na ce yaushe aka fara aiko mani da kati daga gidanku? Ta sunkuyar da kai ta ce Mamanta ce ta ce a kawo. Na karɓa, na zauna jiran anko.

Kowa ya san yadda ake yi. Uwar amarya ta zaɓi atamfa iri ɗaya, ta aika wa ƙawayenta da 'yan'uwanta, kowace ta ɗinka, ranar biki a fito iri ɗaya, duk wanda ya gani ya san waɗannan su ne nata. Mako ya wuce, biyu suka wuce, shiru. Na je gaida Inna a Malumfashi na yi mata ƙorafi, ta ce to ki kira ta mana ki tambaya. Na ce Allah ya kiyaye, anko ba a roƙonsa. Na ce ƙila ta ajiye mani ne sai na je, ko kuma bana ba su yi ankon ba saboda tsadar kaya.

An yi bikin bayan an gama kwashe amfanin gona, ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Na yi sammako na tuƙa motata, na saka tsohon zane da tsohuwar riga a jaka don aikin murhu. Ina shiga ƙauyen na fara ganinta: atamfa koriya mai ɗigon ruwan goro. Matan zumunta na cocinsu duk ita ce a jikinsu. Matan ƙannen mijinta ita ce. Maƙwabtansu Musulmi ita ce. Har tsohuwar da ke soya ƙosai a bakin rijiya ta samu ta ɗaura. Ni kaɗai na fito daga mota cikin leshi ruwan toka.

Ƙawata ta taho da saurinta cikin ankon, fuskarta duk gumi. Na buɗe baki zan ce mata ke, wane irin wulaƙanci ne wannan, sai kawai na ga ta rusuna.

"Sannunku da zuwa, Dakta. Kun sha hanya. Bismillah, ga wuri can an tanadar maku."

Ku. Ni ce yau ku.  Ta karɓi jakata ta ba wata ta kai ɗaki, ta raka ni rumfar manyan baƙi ta zaunar da ni a kujera mai laushi tsakanin matar fasto da matar kansila. Da aka dawo daga coci aka fara liyafa, mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce a cikinmu yau akwai wadda ta yi digiri na ɗaya, ta yi na biyu, ta yi na uku, babu sauran karatun da ya rage mata a ƙasar nan. Aka tafa, aka yi guɗa. Na miƙe na ɗaga hannu na zauna. Daga bayan katanga ina jiyo lugude da shewar mata, ina jiyo muryarta tana yi wa wata faɗa a kan ta cika wuta.

Na kasa daurewa na tashi na nufi wajen murhun. Ban kai ba wata mata mai ankon ta tare ni da fara'arta. "Haba Dakta, ina za ku? Hayaƙi ne can, zai ɓata maku kaya. Me kuke so a kawo maku?" Na ce ba komai. Na koma na zauna kamar wadda aka kora daga aji.

Aka kawo mani abinci a rufe, da cokali a naɗe cikin takarda. Wadda ta kawo ta duƙa ta ce uwar amarya ta ce a gaya mani in ci hankali kwance, mahaucin garin Dayi aka kira ya yi yankan. Wannan ce ta ƙarasa ni. Shekara arba'in ina cin abinci a gidan nan, na san ba su taɓa yanka ko kaza don hidima ba sai sun kira Musulmi ya yanka saboda maƙwabta. Baƙo ake yi wa wannan bayanin. Na ci cokali biyu don idon mutane na rufe.

Ban jira rakiyar amarya ba. Na ba amaryar abin da na kawo mata, na karɓi jakata da tsohon zanen da ban ciro ba. Ƙawata ta biyo ni har mota. Na ce mata, "An gode da karɓar baƙi. Kun iya." Na so ta ji zafin maganar ta rama, mu yi ta ta ƙare a wurin. Sai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Dakta." Na ja mota. Sai da na wuce Ƙarfi na tsaya a gefen titi na yi kukana ya ishe ni.

Na rantse ba zan sake kiranta ba sai ta kira ni. Ita ma ba ta kira ba. Damina ta zo ta wuce. A shekarar ne wata ƙungiyar masana ta karɓe ni cikin manyan 'ya'yanta, aka ba ni allon girmamawa na rataye a ofis. Muna ce wa juna 'yan'uwa a fagen ilimi, kuma mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu. Amma duk cikinsu babu wanda ya san ina tsoron ƙadangare.

Wata rana ina koyar da darasin ma'anar kalmomi, wata ɗaliba, matar aure mai yawan tambaya, ta ce in bambance mata ƙawa da aminiya. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Na ce abokiyar aiki wuri ne ya haɗa ku, in an yi maki canji shi ke nan. Tsara shekaru ne. Ƙawa zaɓi ce, kina iya yin goma. Aminiya kuwa wadda kika ba amanar cikinki ce, ba a cika samun biyu ba. Suka rubuta. Na tattara takarduna na koma ofis na kulle ƙofa. Kewarta nake ji, kuma haushinta nake ji, duka biyun.

Da kaka ta sake zagayowa na je wa Inna. Na tarar da buhun sabuwar masara a jingine a ɗakinta. Na ce wa ya kawo? Ta ce, "'Yata ta ƙauye mana. Makon jiya ta zo, ta wuni, ta yi mani kitso."

Raina ya ɓaci. Na ce wato tana zuwa nan, ni ce dai ba ta da lokacina. Na kwashe labarin biki na sake zazzage wa Inna, har da na cokali. Inna ta bar ni na gama, tana jan carbinta.

Ta ce, "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Na ce ni me na yi mata? Ni da na fifita ta a gaban manyan mutane?

"Ni ba a aike ni ba. Zumunta a ƙafa take. Ko digirin ya hana ki tafiya ne?"

Na buɗe baki, ta ce rufe mana baki. Na rufe.

Asabar ɗin da ta biyo baya na shirya. Motata tana wajen bakanike, sai na shiga ta haya zuwa Ƙarfi, daga nan na hau mashin. Ban same ta a gida ba, mijinta ya nuna mani masussuka a bayan gari. Na hango ta ita kaɗai tana shiƙar waken suya, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubowa iska na kwashe ƙaiƙayi. Da ta gan ni ta ajiye ƙwaryar, ta fara goge hannu a zane, na ga tana shirin rusunawa.

Na ce, "Wallahi kika durƙusa mani sai na kwaɗa maki ƙwaryar nan."

Ta tsaya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Dak..."

"Kada ki ƙarasa. Ni ba gaisuwa ta kawo ni ba. Tambaya ɗaya na zo yi maki. Me na yi maki da har mai ƙosai ta samu anko ni ban samu ba? Me na yi maki kika zaunar da ni a rumfa kamar matar gwamna, kika aiko a gaya mani wanda ya yi yanka? Ni? In kin gaji da ni ne ki faɗa mani a fuskata, in san inda dare ya yi mani."

 Sai ta zauna a kan buhu, ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba. Ta ce to tsaya.

"Ni na zaunar da ke, ko ke kika fara zaunar da ni? Na taso tun asuba da muciyata, na zo hidimarki ta ƙarshe, wadda ta fi kowace girma. Kika ce ba zan taɓa wuta ba. Kika kawo wasu mata masu farin kyalle suka ciyar da mutanenki. Kika saka mani kayan da ban san yadda ake zama da su ba, kika ajiye ni kusa da wata mata tana yi mani Turanci ina murmushi kamar wawiya. Sannan kika ɗauki lasifika kika gaya wa duniya ni baƙuwarki ce."

Na ce, "Babbar baƙuwa na ce! Girmama ki na yi!"

"Na sani. Shi ya sa ban yi fushi ba. Na dawo gida na ce wa maigidan nan, ƙawata ta hau wani matsayi, a can haka ake yi, aminai ba sa shiga hayaƙi. Tuwona ma ƙila ba irin na wurin ba ne. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Na ce tunda ta koya mani yadda ake girmama mutum a wajensu, in nawa ya zo ba zan ba ta kunya ba. Kujerar nan da kika zauna a kai, daga gidan fasto aka aro ta saboda ke."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayin ba. Duk tsiwata ta gudu. Shekara guda ina ganin ni aka yi wa laifi, ashe ni na fara korar ta daga bakin murhuna, kuma har da tafi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce mata ni gani na yi kin gaji, na so ki huta rana ɗaya.

Ta ce, "Wa ya gaya maki na gaji? Na kawo maki ƙara ne?"

Na ce to ankon fa? Wannan ai ba ni na koya maki ba.

 Ta rufe waken da buhu, ta aza dutse, ta ce taso. Muka koma gida. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga kayan cocinta, ta ɗaga leshin nan da na ba ta, yana nan a ninke. A can ƙasa ta ciro leda ta ajiye mani a cinya. Atamfar ce, koriya mai ɗigon ruwan goro, turmi guda, ko takardar jikinta ba a ɓare ba.

"Naki na fara cirewa kafin na kowa. Sau uku ina ɗaurewa in ba yarinya ta kai maki, sai in tuna leshin nan. Wannan fa mai zuba ce, wanki biyu ta koɗe. Ita ce daidai ƙarfin matanmu. Na ce ina ni ina aika wa Dakta atamfa mai zuba, ta saka don kunyata, mutanenta su yi mata dariya."

Na rungume atamfar ina kuka ina zaginta. Na ce ke dai an yi sakarya, wallahi ban taɓa ganin sakarya irinki ba. Ta ce ai gara ni, ban yi digiri uku a kan sakarcin ba. Muka fashe da dariya da hawaye a fuska, har mijinta ya leƙo ya ga ba lafiya ba, ya koma.

Na kira maigida na ce yau a nan zan kwana. Da yamma na hau mashin na kai wa wani tela a Ƙarfi, na ce riga da zane da ɗankwali, gobe da hantsi nake so. Ya ce Hajiya aiki ya yi yawa. Na ce to zan zauna a shagon nan har ka gama, kuma ni ba na gajiya da magana. Ya dube ni ya ce in dawo da hantsi.

Washegari Lahadi, ta dawo daga coci ta same ni na saka ina jujjuyawa a tsakar gida. Na ce haka zan koma Funtua, kuma haka zan shiga ofis gobe. Ta ce, "Mutum ɗaya ba ya anko." Ta shiga ɗaki ta fito da nata. Shekara guda tana zuwa gona da shi. Koren ya koɗe ya koma fari-fari, ɗigon ruwan goron sai ka matso za ka gan shi, ga ɗinki a gefen zanen inda ƙaya ta kama. Nawa kuwa sai ƙamshin sabo yake, yana ƙara in na motsa. Ta ce mu je mu gaida Inna kafin ki wuce.

A Ƙarfi muka shiga motar Malumfashi, mu huɗu a kujerar baya, an matse mu kafaɗa da kafaɗa. Wata dattijuwa da ke gefena da kwandon tumatir a cinya ta dube ni, ta dubi ƙawata, ta sake duban zannuwanmu.

Ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai anko ne. Biki za ku?"

Ƙawata ta ce, "A'a, Baba. An gama bikin tun bara. Wannan ce ta makara."

Tsohuwar ta ce, "Ayya. Daga nesa take ne?"

Na ce, "Daga nesa nake, Baba. Jiya na iso."